Kawun Ɓeraye da Yarinyar da Kare Ya Ciza

Na Allah ne mu, kuma wurinsa ake komawa, babba da yaro. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya rasu a Gusau cikin kakar bana, an yanke gero, dawa ba ta gama nuna ba. Aka yi masa sutura da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin azahar, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaron da ke ƙofar gidansa.

Na zauna makoki da yawa a rayuwata, kuma na lura kowane mamaci da irin maganar da yake bari a bakin mutane. Limamin unguwa ya ce shi abin da ya sani, tun da Kawu ya yi ritaya ya dawo gida, bai taɓa sallame sallar asuba ya waiga ya rasa shi a sahu ba, sai da ciwo ya kwantar da shi. Wani tsoho da suka yi aiki tare, wanda ya taso daga nesa don ta'aziyya, ya ce bai taɓa ganin hannu mai sanyi irin na marigayi ba, zai ɗebi jini a kunnen zomo, zomon yana ci gaba da taunar ganyensa. Mutanen Bungudu, inda aka haife shi, suka dubi juna, don ba su san wannan ma abin yabo ne ba. Mai shagon da ke jikin gidan ya ce, "To yanzu wa zai riƙa kwashe mana ɓeraye?" Aka fara dariya, sai aka ga mutumin ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Dariyar ta mutu a nan.

A cikin gida kuwa mata suna tsokanar jikarsa, 'yar farin ƙanwata, yarinya mai famfara. Suna ce mata ta shirya shiga takaba tun da mijinta ya mutu, domin Kawu bai taɓa kiranta da wani suna ba sai "matata", irin wasan kaka da jika. Ba ta yi dariya ba. Duk wanda ya san gidan kuma, in ya gama yi mini gaisuwa, sai ya rage murya ya ce, "Ya jikin yarinyar?" Dalili kuwa, mahaukacin kare ya cije ta a farkon damina, kuma har ranar da muka rufe Kawu babu mai iya rantsuwa cewa ta tsira. A kanta ya ƙarar da sauran ƙarfinsa. Shi ya sa ba zan iya ba da labarinsa ban ba da nata ba.

Tare da mahaifiyata suka yi karatun allo a Bungudu. Daga baya aka ɗauke shi boko, ya yi nisa, har ya zama ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wata cibiyar binciken cututtukan dabbobi a wata jiha. Dangi ba su taɓa fahimtar aikin ba. Abin da ya iso gida kawai shi ne yana kiwon fararen ɓeraye da zomaye. Daga nan sunan Kawun Ɓeraye ya bi shi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Kowa ya tura nasa boko ya dawo masa da alƙali ko likita, mu namu ya dawo da ɓera." Shi kuma ya ce, "Yaya, ai ɓeran nawa bai taɓa karɓar toshiya ba."

In yaro ya durƙusa gaishe shi, maimakon ya shafa kansa, sai ya sa yatsu biyu ya taɓa ƙasan muƙamuƙinsa da gefen wuyansa. Mun girma muna zaton wata irin sa albarka ce. Ashe kaluluwa yake nema. Bayan ritayarsa kuma bai yarda a kashe ɓera a gidansa ba. Ya ƙera tarkon waya mai ƙofa, wanda ke kamawa ba ya jin ciwo, in ya kama sai ya rataya shi a keke ya kai bayan gari ya saki. Matarsa, wadda muke kira Hajiya, takan ce ɓerayen suna riga shi dawowa gida.

Sau ɗaya na taɓa zuwa wurin aikin nasa, ina saurayi, kuma a can muka yi saɓanin da bai taɓa warwarewa tsakaninmu ba. Ya shigar da ni wani dogon ɗaki mai warin dusa da fitsari, akwatuna jere bisa jere. Ya nuna mini wani ɓera da aka yi wa allura a tafin ƙafa ɗaya kwanaki kaɗan da suka wuce. Ya sa shi cikin kwalba mai maganin barci har ya daina motsi, sannan ya tsaga bayan gwiwoyinsa biyu ya ciro wasu 'yan ƙulli. Na ƙafar da ba a taɓa ba kamar ƙwayar gero. Na ƙafar da aka yi wa allura ya kai ƙwayar dawa.

"Wannan ita ce kaluluwa," in ji shi. "Irin wadda ke fito maka a matsematsi in ka yi tuntuɓe. Ka san me ya kumbura ta?"

Na ce ciwo ne.

"Taro ne. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun jiki, ba su ƙirguwa. Amma akwai waɗanda kowace ɗaya fuska ɗaya tak ta sani. Kamar a ce kasuwar Tsafe ta cika ta batse, amma mutum ɗaya ne a cikinta zai iya gane wani ɓarawo. In ɓarawon ya shigo, mutum ɗaya ba zai iya da shi ba. To sai Allah ya ba wannan ƙwaya abin da bai ba ɗan Adam ba. Da ta ga fuskar da ta sani sai ta rabe biyu, biyun su rabe huɗu, a yi ta tafiya haka, kuma kowace ta fito da sanin fuskar nan. A kaluluwa da saifa suke wannan taron. Sai dai yana cin kwanaki."

Na tambaye shi mene ne a cikin allurar. Ya ce gawar ɓarawo ce, ba ta iya sata, amma fuskar tana nan. Ya sa ni na leƙa madubin da ke ƙara girman abu, na ga ƙwayoyin birjik, har ya nuna mini wata da ajali ya riska tana tsakiyar rabewa, ta tsuke a ƙugu kamar kalangu. Na yi tasbihi ban san na yi ba. Ya ce zomaye kuma ba a kashe su da wuri, jini ake ɗiba a kunnensu lokaci bayan lokaci, a ga yadda ƙarfinsa ke hawa. Allurar farko a hankali yake hawa. Ta biyu kuwa kamar an zuba wa wuta ƙirare, domin an bar waɗanda ba su manta ba.

Amma idona ya koma kan ɓeran da ke kwance a buɗe. Na ce, "Kawu, wannan me ya yi maka? Ba ci za ka yi ba, ba ɓarna ya yi maka ba. Malamanmu sun ce ran dabba ma abin tambaya ne."

Yana wanke hannu ya amsa. "Ka ɗauka ban sani ba? Ina da masu ƙara da yawa ranar hisabi, kuma dukkansu fararen kaya gare su. Ba na taɓa ɗaya sai da bisimilla, ba na barin ɗaya ya ji zafin da zan iya kare masa. Ko hakan ya isa, ban sani ba. Amma allurar da ake yi wa shanun babanka, da wadda za a yi wa 'ya'yanka, ta kan waɗannan ta biyo."

Na ce wannan hujjar mai ƙarfi ce a kan marar ƙarfi. Ya ce haka ne. Har ya koma ga Allah bai canza ba, ni ma ban canza ba, kuma bai taɓa neman in canza ba.

Ƙanwata tana aure a wani ƙauye gaba da Bilbis, inda waya ba ta kamawa, ni kuma ina zaune a Tsafe. Wata ranar kasuwa a farkon damina, mai daddawar ƙauyensu ta tsaya a ƙofar gidana ta ce ƙanwata ta ce a gaya wa Yaya kare ya ciji mutanen gidansu, yau kusan mako. Na tambaye ta wa da wa, ta ce ita iyakar saƙon da aka ba ta ke nan, ita ma ba a gari take ba lokacin. Nan take na kira Kawu.

"Wa ya ciza?"

"Ba ta faɗa ba."

"In ba ta faɗa ba, 'yar farin ce. Jira ni."

Haka kuwa aka yi. Wanda bai san mu ba zai ce wace irin uwa ce wannan. Amma a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban surukai. Ƙanwata ba ta taɓa kiran yarinyar da komai ba sai "'yar Inna", domin uwar mijinta, wadda kowa ke kira Inna, ita ta yaye ta, a ɗakinta take kwana. Uban ma kunyar ta ɗaure shi, kuma ba ya musu da uwarsa. Ke nan duk mai jin tsoro a gidan ba shi da baki, mai baki kuma ba ta jin tsoro.

Da hantsin washegari Kawu ya iso Tsafe. Ya cire agogo da tabarau ya bar su a gidana, ya ari tsohuwar rigata, domin a wannan hanyar wanda ya yi kama da mai wani abu shi ake tafiya da shi daji. Muka hau babura. Ciyawa ta fara tsawo, gonaki da yawa babu wanda ya taɓa su. Haka muka yi ta tafiya har muka hango dangar gidan su ƙanwata.

Kawu ya yi sallama da ƙarfi ya ce, "Na zo biko. A fito mini da matata."

Inna tana zaune tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Wace mata gare ka nan, tsoho mai warin ɓera? Ko akuya ka taɓa kawowa?"

"Akuyar tana tafe, ciki gare ta."

"Tun ina da haƙora take tahe."

Yarinyar ta fito da gudu ta faɗa jikinsa. Yana tsokanarta yana duba ƙafarta. Cizon a sha-raɓa yake, ya bushe, an shafe shi da wani baƙin abu. Ya tambayi labarin karen. Aka ce karen gidan ne, ya kwana biyu ba ya cin abinci, yana dalala, yana cizon turmi da itace, sannan ya faɗa wa yarinyar da yake wasa da ita kullum. Ƙanen mijin ƙanwata, saurayin da ke kula da 'yan shanun da suka rage wa gidan, shi ya ɓamɓare bakin karen daga ƙafarta, karen ya kama shi a hannu. Aka kashe karen, Inna ta yanki gashin wutsiyarsa ta ƙona, ta kwaɓa tokar da man shanu ta shafa musu duka biyun.

Kawu ya bar wasa. Ya ce, "Inna, wannan ciwo ba a miki yake zama ba. Jijiya yake bi a hankali, kamar gara a cikin azara, har ya kai ƙwaƙwalwa. In ya kai, babu mai maido shi. Akwai allura a Gusau. A ba ni su biyun yau."

"Mi za a yi musu? Ga miki ya warke, kana gani da idonka. Abin da ya yi cizo shi ka magani, haka muka taras. Wanga ba shi ne karen farko da ya haukace garin ga ba."

Ya yi bayani, ta ƙi. Ya dubi uban yarinyar, uban ya dubi ƙasa. Ƙanwata tana can gefe tana daka, ta ba mu baya. Na ji taɓarya ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Sai Kawu ya gyara zama ya sake fuska, ya ɗaga murya yadda maƙwabtan da suka taru za su ji. "To shi ke nan, na bar maganar asibiti. Ni dai a ba ni matata ta je ta yi mini kwana biyu, ta tuƙa mini tuwo, uwargidan ta tsufa. Ko a garin nan ana hana kaka jikarsa?"

Aka yi dariya. Inna ta gane sarai, amma babu tsohuwar da za ta hana kaka jika a gaban mutane ta kwana da mutuncinta. Ta ce, "Ɗauki. In ta rame ka biya ni." Muna shirin hawa babur, ƙanwata ta zo ta ɗora ƙullin kayan yarinyar ba ta dubi kowa ba. Ƙullin a ɗaure yake tun kafin mu iso.

Saurayin kuwa babu wasa tsakaninsa da Kawu, don haka babu igiyar da zai ja shi da ita. Mun same shi a bakin garke. Cizon nasa mai zurfi ne, a gindin babban yatsa. Kawu ya roƙe shi kamar yadda ban taɓa jin ya roƙi kowa ba. Saurayin ya yi murmushi cikin ladabi ya ce, "Baba, in na tahi wa za shi kwana da shanun ga? Kuma ka san halin da muke ciki. Wanda aka ga yana yawan shiga birni yana dawowa, mutanen daji cewa suke rahoto yake kaiwa. Ba ni kaɗai za su taɓa ba." Ya yi alkawarin zai fito Tsafe ranar kasuwa. Rana ta fara karkata, masu babura suka ce ko mu tafi yanzu ko su tafi su bar mu.

A Gusau aka fara yi wa yarinyar allura a ranar. Likitar da ta duba ta ta ce akwai wani ruwan magani da ake zubawa a cikin mikin kansa, amma an neme shi a garin ba a samu ba. Kawu ya ce mini wannan ruwan kamar aron dakarun wani gari ne kafin naka su taru. Tun da babu, sai tsere: ciwo yana hawa ta jijiya, ƙwayoyinta suna rabewa, wanda ya riga isa shi ya ci. An kuma ba ciwon kusan mako yana tafiya shi kaɗai.

Alluran ba ɗaya ba ne, ana yi ana hutawa, har wajen wata guda. Shi yake kai ta da kansa kowane karo. Bayan ta biyu wani ɗan ƙulli ya fito mata a hammata, Hajiya ta ɗora ruwan zafi za ta gasa shi. Ya ce, "Bar su, Hajiya, taro suke yi. Ke in ana taron ceton ranki a zo a watsa wa mutane ruwan zafi?" Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Yarinyar ta ce masa ita ta fasa auren, tun da mijin allura kawai ya iya saya mata. Ya ce ta yi haƙuri, kowace mace da irin lefenta.

Bai manta da saurayin ba. Ranar kasuwa ya zo Tsafe da allura a cikin kular ƙanƙara, ya zauna a zaurena yana kallon hanya. A makon mutanen daji sun shiga ƙauyen da ke kusa da nasu, babu wanda ya fito daga wannan yankin. Ya zauna har la'asar, yana buɗe kular yana rufewa, har ƙanƙarar ta zama ruwa. Ya sake zuwa kasuwa ta gaba. Saƙon da ya zo shi ne hannu ya warke sarai, a gode wa Baba.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da aka kawo saurayin gidana a kan babur, an sa shi a tsakiya an ɗaure shi da rawani a jikin yayansa. An fara kai shi asibiti, suka yi masa allurar kwantar da jiki, suka ce a yi haƙuri. Ban taɓa ganin ƙishirwa irin wannan ba, kuma ina roƙon Allah kada ya sake nuna mini. Yana roƙon ruwa, leɓunansa sun tsage. In an miƙo kwanon sai maƙogwaronsa ya shaƙe, idanunsa su fito, ya ture shi da ƙarfin da ba nasa ba. Ko iskar mafici ba ya so. Tsakanin tashi da tashi kuma hankalinsa garau, yana tambayar wa aka bari da shanu.

Kawu ya zo. Ya hana a ɗaure shi a jikin turke kamar yadda wasu suka so. Ya sa aka rufe tagogi, aka fitar da duk abin ruwa daga ɗakin, ya gargaɗe mu game da yawunsa, ya ce mini in yi ta karatu a hankali. Shi kuma ya zauna a bakin ƙofa. Saurayin ya gane shi. Ya ce, "Baba, na zo. A yi mini allurar yanzu."

Kawu ya matso kusa da shi. Sannan ya ce, "Ɗana, yanzu sai addu'a. Faɗi abin da nake faɗa." Ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa. Bai kai Juma'a ba.

Bayan an rufe shi, Inna ta tare Kawu a tsakar gidana. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka zo da wasa ka ɗauki mace, ka bar mini namiji. Da ka san haka abin yake, mi ya hana ka ɗaure shi ka tahi da shi?" Na buɗe baki zan tuna mata abin da ta faɗa ranar, Kawu ya riƙe hannuna. Ya ce, "Gaskiyarki, Inna." Inna ba ta zo makokin Kawu ba, ɗanta ta aiko.

A ranar da suka yi wannan maganar ne, Kawu yana alwala, ya kwance mayafin da ya daɗe yana naɗawa a wuya ko ana zafi, na ga ƙulle-ƙulle a gefen wuyansa kamar an jera goriba ƙanana. Ya ga na gani. Ya kama yatsuna biyu ya ɗora a kai. Suna da tauri, kuma ya ce ba sa zafi.

"Waɗannan nawa ne," in ji shi. "Suna ta rabewa, babu ɓarawo a gari, kuma babu mai ce musu su tsaya. Abin da ban gaya maka ba a wancan zuwan naka shi ne, hikimar ba a taruwar kaɗai take ba. In an gama yaƙi yawancinsu mutuwa suke yi, a bar kaɗan masu tunawa. Jikin da dakarunsa suka ƙi ajiye makami shi ma ya halaka. Ka dubi ƙasarmu."

Hajiya ce ta gaya mini daga baya cewa tun kafin saukar ruwa aka ce ya tafi babban asibiti a wata jiha, yana shirin tafiya saƙona ya same shi. Ya ce sai an yi wa yarinyar allurar ƙarshe, don ya san in ya juya baya za a zo a ce miki ya warke a mayar da ita ƙauye. Da ya je, suka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Na tambayi likitan ko jinkirin ne ya jawo, ya ce Allah ne masani. Ban sake tambaya ba.

Ya rame har ya zama ana juya shi da hannu ɗaya. Zuwana na ƙarshe, yarinyar tana zaune a gefen katifarsa tana ɓare masa gyaɗar da ba zai iya ci ba. Ya aike ta ta kira Hajiya, sannan ya ce mini, "Kada ka ce wa uwarta ta tsira, kada kuma ka ce ba ta tsira ba. An fara a makare, amma a ƙafa ne, tafiyar da nisa, kuma na ji taron da hannuna. Ina kyautata zato. Sai dai wannan ciwo yana iya laɓewa. Sai damina ta zagayo kafin ka saki ranka. In ta yi zazzaɓi, ba ta ruwa ka dubi wuyanta." Da yarinyar ta dawo ya ɗaga yatsu biyu da ƙyar ya taɓa ƙasan muƙamuƙinta, ya ce, "Matata, kin yafe mini lefen?" Ta ce sai ta yi shawara.

Muna cikin zaman makoki, ba a kai ga addu'ar tashi ba, wata la'asar Hajiya ta aiko a kira ni cikin gida. Na tarar da yarinyar kwance a kan tabarma, jikinta kamar garwashi, tana cewa kanta zai fashe. Mata sun cika ɗakin, har da dangin ubanta da suka zo gaisuwa, kuma duk sun ji yadda saurayin ya ƙare. Ga randa a bakin ƙofa, ga moɗa a kai, babu wadda ta taɓa. Ƙanwata tana can lungu ta juya fuska ga bango, inda al'ada ta ajiye ta.

Na ɗebo ruwan. Ni da na ga abin da kwano ya yi wa wancan bawan Allah, na tsaya a tsakiyar ɗaki da moɗa a hannuna. Na kasa miƙa mata.

Sai ƙanwata ta tashi. Ta ratsa ta gaban surukanta, ta karɓi moɗar daga hannuna, ta zauna ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Ta kira ta da sunanta na yanka, sunan da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba tun ranar da aka raɗa shi. Yarinyar ta buɗe ido ta dube ta kamar tana son ta tabbatar wa ya yi magana. Uwar ta sake kira, ta kai moɗar bakinta.

Ta sha. Muna kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka har moɗar ta ƙare. Ta ce a ƙaro.

Wata tsohuwa daga dangin uban ta ce ƙasa-ƙasa, "Yau mun ga rashin kunya." Hajiya ta ce, "Bar ta." Ƙanwata ba ta ɗago ba, tana share wa 'yarta baki da gefen zanenta.

Da aka gwada jininta aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ta sha magani ta tashi. Ƙanwata ta aika wa mijinta cewa tana nan Gusau wurin Hajiya tare da 'yarta, kuma haka ta faɗa, 'yarta. Damina ba ta zagayo ba tukuna. Har yanzu in yarinyar ta ɗaga kofi, hira takan tsaya a gidan sai ta ajiye.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da abin da ya sani da abin da ya ji tsoro. Ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka jiƙan saurayin da ya sa hannunsa a bakin kare don 'yar wansa, ka shayar da shi daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa, ka sanyaya zuciyar uwarsa. Yarinyar kuma, ya Ubangiji, ka kai ta ruwan baɗi.